Akwatin kyauta da na haɗa da kwali, da milimita ukun da suka wahalar da ni

Agogon hannu na saya wa ƙanwata da ta gama jarabawa, agogon yana da kyau ba laifi, matsalar kawai a 'yar leda aka miƙo min shi, ba akwati ba komai, kuma ni raina bai so in miƙa mata abu a leda kamar wanda ya tsinto a hanya. Shi ne na ce bari in haɗa masa akwati da kaina, ai ba wani abu ba ne, kwali ne da almakashi da gam. Haka na faɗa da bakina fa. Kwana huɗu na yi ina fama, akwati bakwai na lalata kafin na samu wanda zan iya nuna wa mutum ba tare da na fara da ba da haƙuri ba.

Farkon shirmen da na yi shi ne takarda. Na ɗauko irin wadda ake fotokwafi da ita na ninke, ya yi siffar akwati kam amma ina saka agogon ciki na ɗaga sai gindin ya lotsa, bangon ya baje. Na koma ɗaya ɓangaren, na yago kwalin kaya irin mai rami-rami a tsakiya, shi kuma ya ƙi ninkuwa inda nake so, inda ya ga dama yake karyewa, bakin yankan kuma duk gashi-gashi. Sai daga baya na gane ashe lambar nan da ake rubutawa a jikin kunshin takarda ba ado ba ce. Ita ce nauyin takardar, wato in aka yanko mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi aka ɗora a sikeli giram nawa za ta yi. Ta fotokwafi giram 80 ce. Kwalin kati da ake aikin hannu da shi yana farawa daga wajen 160 ya haura 200, 250 har 300. Na gwada uku. Mai 160 yana ninkuwa da daɗi amma akwatin ba ya da ƙwari, in ka riƙe shi da yatsa biyu sai ya shiga ciki. Mai 300 ƙarfi kamar me, sai dai wurin ninki yana tsagewa in ba ka lallaɓa shi ba. Mai 250 na tsaya a kai, kuma har yau in ƙaramin akwati ne ban ga dalilin canzawa ba.

Kayan da na tara a kan tebur ba su da yawa: kwalin saiz A4, fensir mai tsini, rula, reza irin mai shiga cikin mariƙi ana turo ta da yatsa, almakashi, farin gam, fegin shanya guda huɗu, da wani tsohon biro da tawadarsa ta ƙare. Wannan biron shi ya fi komai amfani a cikinsu, zan zo kansa. A ƙasa kuma na shimfiɗa bayan tsohuwar kalanda ninki biyu saboda kar in zane teburin.

Lissafin ba wuya in mutum ya gane shi sau ɗaya. Na auna agogon a naɗe, na ga gindi mai santimita 8 ta kowane gefe zai ɗauke shi, zurfi kuma santimita 4. To kwalin da za a yanka shi ne faɗin gindi a haɗa da bango biyu, 4 da 8 da 4, ya ba da 16. Murabba'i mai 16 ta kowane gefe kenan, sai a ja layi santimita 4 daga kowane baki, layi huɗu, za ka ga ya rabu gida tara: babba a tsakiya shi ne gindi, dogaye huɗu a gefe su ne bango, ƙanana huɗu na kusurwa su ne kunnuwan da za a shafa wa gam. Shi kenan fa zanen. Duk akwati mai murfi da kuka gani mai kusurwa huɗu, babba ko ƙarami, kusan wannan zanen ne aka ja ko aka matse.

Wani abu da ya ci min kwali biyu a banza, rular da nake amfani da ita ba daga bakinta sifili ya fara ba, akwai ɗan fili kafin lambar farko, ni kuma ina ta jingina bakin rula da bakin kwali ina ɗiga alama, wani gefen in auna daga hagu wani daga dama, sai bangon ya fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na daɗe ina zargin hannuna kafin na kalli rular da kyau. Kuma ta roba ce, ranar farko rezar ta hau kanta ta fere gefen ta taɓa min ɗan yatsa, ba wani ciwo sosai ba amma jini ya ɗiga a kan kwalin, wannan ma ya tafi kwandon shara. Washegari na nemo ta ƙarfe. In za ku yanka da reza don Allah ku nemi rular ƙarfe, yatsu su koma tsakiyarta nesa da baki, kuma kar a danna da ƙarfi wai a gama a ja ɗaya, a ja sau biyu ko uku a hankali ya fi fita sumul. Da na ga bakin yankan ya fara yin gashi na san rezar ta dakushe, irin wadda ake ɓalle ƙarshenta ce, sai in ɓalle gaɓa ɗaya sabon kaifi ya fito.

Yanzu biron. Akwatin farko da na yi da kwalin kirki, ninkewa kawai na yi da hannu a kan layin fensir, kwalin shuɗi ne mai duhu, ina ninkewa sai ga wani farin layi ya fito a kan kusurwar kamar faso, kalar ta tsattsage, layin ma ya karkace. Dalili biyu ne. Na ɗaya, wani kwalin a sama kawai aka yi masa kala, cikinsa fari ne, in kun duba bakinsa inda aka yanka za ku ga farin a tsakiya, akwai kuma wanda aka rina tun daga ɓawon har ciki, shi ko ya ɗan tsage ba ya nunawa. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, kwali mai kauri ba a ninke shi kai tsaye, sai an fara yi masa hanya. A ɗora rula a kan layin, a bi da wani abu mai tsini amma mara kaifi a danna, sau biyu ko uku, har ya yi ɗan kwari a jikin kwalin ba tare da ya yanke ba. Masu sana'ar suna da abin da suke yi da shi, na ƙashi ko na roba mai kama da wuƙa mara kaifi, ni dai mataccen biro ne ya yi min, ƙwallon bakinsa yana gangarawa lafiya lau. Sai dai a tabbata ya mutu da gaske, nawa na farko ashe suma ya yi, yana jin an danna shi ya farfaɗo ya zana min baƙin layi daga sama har ƙasa.

Har ta inda za a ninke ma akwai magana. Hankali zai ba ka cewa kwarin nan ya koma ciki tunda kamar can yake son lanƙwasawa, ni ma haka na yi ta yi. Na zo na gwada akasin haka, wato kwarin a waje, tudun da ya fito ta baya shi ya koma cikin akwati, sai na ga tsagewar ta ragu sosai, saboda fatar wajen ta riga ta miƙe lokacin da aka danna ta, ba sai ta ja da ƙarfi ba wurin ninki. Kenan ta fuskar da za a gani ake jan layin. Tunda ban so fensir ya ɓata fuskar, ɗigo ƙanana kawai nake yi a bakin kwalin in haɗa su da rula. Bayan an ninke sai a kwantar a goge kan ninkin da gefen biron ko bayan cokali, kusurwar ta fito tsaf.

Abin da ya ba ni mamaki a duk aikin nan, wai ashe takarda ma tana da hanya kamar katako. A masana'anta ana zuba dagwalon da ake yin takarda da shi ne a kan wata raga mai gudu, to zaruruwan sai yawancinsu su kwanta ta inda ragar take tafiya. Shi ya sa in ka ɗauki kwali ka ɗan lanƙwasa shi ta tsawo sannan ta faɗi, ba tare da ka karya ba, za ka ji ɗaya gefen yana bi da sauƙi ɗayan yana turjewa. Ninkin da ya bi hanyar zaren yana kwanciya lafiya, wanda ya gitta shi ne mai son tsagewa. A akwati mai kusurwa huɗu dole layi biyu su bi, biyu su gitta, ba yadda za ka yi, abin da nake yi kawai shi ne waɗanda suka gitta ɗin in ƙara musu ja ɗaya da biro kuma in ninke su a hankali, ba farat ɗaya ba.

Da aka gama layi sai yanka kunnuwa. Kowane ƙaramin gida na kusurwa gefe ɗaya kawai ake tsagawa, ɗayan gefen a bar shi manne da bango. Ni ina tsaga biyu ta sama biyu ta ƙasa, yadda kunnuwa biyu za su haɗu a bango ɗaya. To nan ma akwai tarko, kunne santimita 4 ne, biyu sun zama 8, bangon ma 8 ne, kenan za su yi karo a tsakiya ɗaya ya hau kan ɗaya ya yi tudu. Sai na riƙa rage wa kowanne kamar milimita 3 a ƙarshe, kuma in ɗan fere sama da ƙasansa a karkace, siririn yanki kamar tsinke, don kar ya leƙo ta saman bango in an ninke. Wannan ɗan ferewar ita ke raba akwatin da ya yi kama da na kanti da wanda ake gani a ce yaro ne ya yi a makaranta.

Gam kuwa na sha wahalarsa kala-kala. Na sanda irin na 'yan makaranta da ake murzawa, da daddare ya kama, da safe na tarar akwatin ya buɗe kunnuwa ya baje a kan tebur kamar ba a taɓa haɗa shi ba. Sufa gulu ya ratsa kwalin ya bar tabo mai duhu ta waje, ya haɗa min yatsa biyu a kan haka. Na kyandir da ake narkawa da bindiga yana kamawa nan take amma yana barin ƙulli a ƙarƙashin kunnen, kaurin ya hana murfi zama. Farin gam irin na kafintoci shi ya yi, sai dai ruwa ne a cikinsa, in ya yi yawa kwalin zai jiƙe ya kumbura ya yi ciki. Ɗan kaɗan nake ɗiga wa in baje da guntun kwali har ya zama kamar an shafa mai, in kai shi har bakin kunnen, in haɗa, in daidaita kusurwar da ido kafin ya kama, sannan in maƙala fegi. Fegin ma sai da na sa masa guntun takarda a baki don haƙoransa sun bar min shaida a akwati na huɗu. Minti goma zuwa sha biyar ya isa a cire. Salatif mai fuska biyu ma yana yi kuma ba jira, illarsa in ka manna a karkace shi kenan, ba gyara.

Sai murfi, inda na kusa haƙura. A tunanina tunda gindi 8 ne murfi ma 8 ne, na yanka na haɗa ya yi kyau abinsa, na zo rufewa ya ƙi shiga. Na matsa, na lallaɓa, na tura kusurwa ɗaya ɗayar ta fito, ƙarshe na danna da ƙarfi bangon akwatin ya lotsa ciki. Ƙanwar tawa ta shigo ta same ni ina huci, na yi sauri na tura agogon ƙarƙashin kalanda, ta ce Yaya me kike yi haka tun jiya, na ce aikin ofis ne, ta kalli fegin shanya da gam ta ce to Allah ya ba da sa'a ta fita tana dariya. Haushi ya sa na ce bari in ba shi wuri sosai, na yi mai 9, wannan kuma ya zauna kamar hular aro, ana karkata akwatin yake zamewa.

Da na zauna na yi lissafi sai abin ya fito fili. Kwalin 250 kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin uku na milimita ne. Bangon akwatin yana cin wannan kaurin hagu da dama, kunnuwan murfin da ke manne ta ciki su ma suna cin nasu hagu da dama, an tashi sama da milimita ɗaya kenan tun ba a sa gam da ɗan kuskuren hannu a lissafi ba, kuma ana son ɗan sarari da murfin zai zame. Na gwada 8.2 ya shiga amma da ƙyar, sai an yi kokawa wurin buɗewa. Na gwada 8.3, wallahi ina ɗora shi ya sauka da kansa a hankali, har ana jin iska tana fita ta gefe. Na buɗe na rufe ya fi sau ashirin ni kaɗai a ɗaki. In kwalin ya kai 300 ko akwatin ya fi wannan girma sai an ƙara kaɗan, shi ya sa yanzu ba na taɓa kwali mai kyau sai na fara gwadawa da wanda ya lalace.

Zurfin murfin na sa shi 2.5, don kalar akwatin ta leƙo ta ƙasa kuma a samu wurin riƙewa. Kenan 2.5 da 8.3 da 2.5, ya ba da 13.3. Nan na ga wani abu da ya yi min daɗi, A4 tsawonta 29.7 ne faɗinta 21, in ka haɗa 16 da 13.3 ya zama 29.3, wato gindi da murfi duk suna fita a takarda ɗaya har da ragowar milimita 4, sannan a gefe akwai dogon yanki mai faɗin santimita 5 da ya rage tun daga sama har ƙasa. Wannan yankin na rage masa faɗi zuwa 3 na yi ɗamara da shi, ta zagaye akwatin ta haɗu a ƙasa. Tunda kala biyu na yi amfani da su, shuɗi a gindi ruwan madara a murfi, takarda biyu sun ba ni akwati biyu, ɗaya kishiyar ɗaya. A bakin murfin kuma na ɗora murfin gora na zana rabin da'ira hagu da dama na yanke, wurin sa yatsa.

Ana cikin haka na karanta labarin wani Robert Gair, ɗan asalin Sikotilan da ke da masana'antar takarda a Brooklyn ta Amurka a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 19. Ƙarfen da ke danna layin ninki a injinsa ne ya goce ya yanke jakunkunan takarda maimakon ya danna su, daga wannan ɓarnar ya gane za a iya yanka da danna layi a bugu ɗaya, aka samu kwalin da ake kawowa a shimfiɗe a ninke daga baya. Na kalli tulin kwalayen da na lalata na ce to ni dai tawa ɓarnar ba ta kai ni ko'ina ba tukuna.

Ciki kuma kar a manta da shi, don agogo in aka jefa shi haka nan zai yi ta ƙwaram-ƙwaram. Na naɗe guntun kwali kamar bututu mai tsawon 7.5, na lulluɓe da auduga da ƙyalle mai laushi, na ɗaura agogon a jiki kamar yadda yake zama a hannu, ya shige daram. Na girgiza a kusa da kunne ban ji komai ba.

Ado ne wurin da na ga mutane suna ɓata aikinsu, ni ma na ɓata ɗaya. Na zuba masa ƙyalƙyali da fulawowin takarda da duwatsun roba har murfin ya yi nauyi, ƙyalƙyalin ya bi ko'ina, kwana biyu ina ganinsa a fuskata. Kuma duk tarkacen bai ɓoye kusurwar da ta karkace ba, sai ma ya jawo ido wurin. Na ƙarshen ɗamarar nan ce kawai, da siririn zare mai ruwan zinariya da na zagaya sau biyu na ƙulla, da ɗan kati da na huda na rubuta sunanta. Rubutun ma sai da na gwada alƙalamin a kan ragowar kwali, don wani kwalin mai sheƙi ne tawada ba ta bushewa a kai, hannu na taɓawa ta goge.

Tunda kayan suna gabana na gwada wasu kala biyu. Akwai na Japanawa da ake ce wa “masu” da yarensu, sunan wani akwatin katako ne da suke awo da shi a da, shi ba gam ba almakashi, ninki ne zalla daga murabba'i. Mai 21 ta kowane gefe yana ba da gindi wajen 7.4 da zurfi 3.7. Da kwalin 250 ya ƙi, ninkin yana hawa kan ninki har ya yi kauri ya fashe, amma da mai 120 zuwa 160 ya fito kyakkyawa. Ɗayan kuma mai kama da matashi ne, ana ninke kwali gida biyu a manna gefe, bakin biyu a zana su a lanƙwashe, ni tsohon faifan sidi na ɗora na bi gefensa da reza, na matsar da shi na bi da biro. Wannan minti goma ya ishe shi kuma ya dace da sarƙa ko 'yan kunne, sai dai layin lanƙwasar yana son haƙuri, in biron ya goce sau ɗaya bakin ba zai rufu daidai ba.

Ranar da na ba ta, ta zare ɗamarar ta ɗaga murfin, ta yi ihun agogo ta ɗaura ta yi ta juya hannu, akwatin ko kallo bai samu ba, yana gefe a kan kujera har na fara jin haushi. Sai can da yamma ta dawo da shi a hannu tana buɗewa tana rufewa, ta ce Yaya wai aikin ofis ɗin kenan? Yanzu 'yan kunnenta take zubawa a ciki, kusurwa ɗaya ta fara ɗagowa inda na yi rowar gam, na ce ta kawo in gyara ta ce a'a sai dai in yi mata wani mai tsawo na zuba biro da fensir, 18 da 6, zurfi 4. Na lissafa ya kama 26 da 14, zai fita a A4 amma murfin sai an ɓalle wata takardar daban.